Dila Shida a Ƙuryar Ɗakinmu

Ina da cikin wata bakwai sojoji suka sake yin bore a Bangi, babban birnin ƙasar da muke zaune. Na farkon bai daɗe ba, sun yi harbe-harbensu na 'yan kwanaki a kan albashin da aka riƙe musu, aka lallashe su suka koma bariki, mu kuwa a unguwar Kilomita Biyar har raha muke yi da abin. Na biyun ne ya zo da wawaso. Aka shiga fasa manyan kantunan cikin gari, kina zaune a ƙofar gida sai ki ga mutum ya wuce da firji a ka, wani da kujerar ofis, yana tafiya a natse kamar rabon gado aka yi aka ba shi nasa.

Babana ɗan kasuwar atamfa ne a Kasuwar Kilomita Biyar. A unguwar aka haife shi, a nan ya yi furfura, kuma a lokacin ciwon sukari ya fara cin ƙarfinsa. Rana ta uku da fara wawason ya ga abin yana matsowa kusa da kasuwa, sai ya kira masu pus-pus, wato masu tura kurar kaya, suka ɗauko dila shida ta atamfa daga shagonsa zuwa gidan aurena a unguwar Miskine. Da hantsi aka yi wannan, a gaban kowa da kowa, don mai kayansa ba ya tunanin ɓoyo. Aka shigar da su ƙuryar ɗakinmu aka rufe da tabarma.

Maigidana kayan ɗinki yake sayarwa a 'yar rumfarsa, zare da maɓalli da zif da allura. Mutum ne mai sanyi, irin wanda in kin taka masa ƙafa shi zai ba ki haƙuri. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa haɗa ido da Baba ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, sunansa kuwa ko a mafarki ban yi zaton ya taɓa furtawa ba. A ranar ya durƙusa a bakin ƙofa kansa a ƙasa. Baba ya ce, "Ga amana nan." Shi kuma ya ce, "To, Baba." Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan.

Kashegari muka bi motar kaya zuwa Kamaru, ni da Baba da Inna. Dama haihuwar fari a gaban iyaye ake yin ta, ga kuma maganin Baba ya yanke a gari. Maigidana ya tsaya gadin gida da kaya. Muka sauka Garwa a gidan ƙanin Baba, can na haifi 'yata, can na yi wankan jego. Direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Garwa da Bangi suna kawo mana gaisuwarsa, wani lokaci da sabulu ko zanen goyo, su ce yana lafiya, kaya ma suna nan lafiya, hanya ce dai ba ta da kyau. Bai zo suna ba. Na ƙullace shi ƙwarai, har na tsara maganganun da zan yaɓa masa in mun haɗu. Aka sake yin wani boren da ya fi na baya tsawo, hanya ta toshe, Baba kuma ya kwanta jinya. Sai da yarinyar ta fara rarrafe sannan na tubure na ce gidana zan koma, Inna ta gaji da mitata ta haɗa ni da iyalin wani direba.

Na tarar da gidanmu a kulle. Maƙwabciyata ce ta fito, wata dattijuwa Kirista mai sayar da gozo, garin rogon nan da mutanen ƙasar ke tuƙawa. Mama nake ce mata. Ba ta amsa gaisuwata ba sai da ta kwance yarinyar daga bayana ta rungume, ta zaunar da ni a kan turminta, sannan ta gaya mini da Sango, yaren mutanen ƙasar, cewa mijina yana gidan kaso. Wata tara ke nan.

Ga yadda abin ya faru. Da ƙura ta lafa bayan tafiyarmu, sai aka shiga bi gida-gida neman kayan wawaso. Wani ya tsegunta cewa an ga diloli suna shiga gidanmu a ranakun da ake fashe-fashe, kuma gaskiya ne an gani. Dilolin suna ɗauke da tambarin wani babban kanti na cikin gari inda Baba ke sarin kaya, kantin kuwa an wawashe shi an cinna masa wuta, takardunsa duk sun ƙone, mai shi ya bar ƙasar. Wakilin da ya bari ya zo ya rantse cewa wannan samfurin sabon shigowa ne, ba a sayar wa kowa ko turmi ɗaya ba kafin boren. A kotu aka tambayi maigidana kayan wane ne. Ya ce ajiya ce. Ta wa? Ya ce ta wani babba ce. Aka juya shi, aka sake juya shi, bai ƙara ko harafi ba. A zama ɗaya aka yanke masa shekara uku a kan karɓar kayan sata.

Mama ta ƙara mini da wani labarin da ban san ko in yi kuka ko in yi dariya ba. A bore na uku an ɓalle ƙofofin gidan kason, fursunoni suka watse. Mijina ya zauna abinsa tare da wasu tsofaffi biyu da ba su iya gudu, yana ɗebo musu ruwa, har jandarmomi, 'yan sandan nan masu kakin soja, suka zo suka kwashe su zuwa wani ɗakin tsaro.

Can na same shi washegari. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ƙafafunsa duk ƙuraje. Maganganun da na tsara a Garwa suka bi ruwa, wasu sababbi suka zo, waɗanda suka fi su zafi. Na ce masa kayan Baba ne, ni shaida ce, unguwa shaida ce, me ya hana shi buɗe baki ya faɗa?

Ya dube ni ta tsakanin ƙarafuna ya ce, "Da bakina zan kai Baba gaban alƙali? A lokacin duk wanda aka ambata kamo shi ake yi kafin a tambaya. Kin ga ɗakin nan. Kwana nawa kike ganin zai yi a ciki da ciwonsa?"

Na duba ɗakin. Amma haushin bai tafi ba. Na ce to ƙofa da aka ɓalle fa, me ya zaunar da shi? Ya ce in ya gudu ya zama ɓarawon ke nan har abada, kuma gidanmu za a zo nema. Sannan ya kafa mini sharaɗi biyu: kada Baba ya ji, kuma kada in kawo masa yarinyar nan wurin, ba ya son ganinsa da ita na farko ya zama ta bayan ƙarfe. Shi ne ya roƙi direbobi su rufe mana maganar, sabulun da zanen goyon kuwa yayansa ke saye ya aika da sunansa.

Daga nan na wuce wurin dattawan masallacinmu, don an ce mini su suka riƙe maganar tun farko. Ba zan ci zalinsu ba, sun yi iya abin da suka sani. Sun san kayan na Baba ne, amma tun da maigidana ya zaɓi ya rufa wa surukinsa asiri, sai suka ga ba su da hurumin tonawa, har suna yaba masa. Abin da suka yi shi ne abin da muka gada: suka sayi goro, suka sa manyan riguna, suka yi ta sintiri gidan wakilin kantin suna ba da haƙuri, wai ya janye. Wani malamin makaranta ya ce musu a ɗaukaka ƙara, suka ce a'a, kai ƙara sama tsokanar hukuma ce, a bari a bi ta lalama. Wakilin ya ci goro ya yi ta ce musu su dawo jibi. Da na zo ma haƙurin suka ba ni, suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Na ce a raina, wata tara ana hura wuta, ko ɗumi dutsen nan bai yi ba.

Abin da ya ƙarasa tunzura ni shi ne afuwar da aka yi wa sojojin da suka yi boren. Waɗanda suka harba bindiga suka birkita gari sun koma gidajensu suna shan iska, mai sayar da allura yana ɗaure, don laifin da aka ɗora masa ba na bore ba ne. An bar jaki ana dukan taiki. Ranar na yanke cewa lauya zan nema, ko dattawa sun so ko ba su so ba.

Ban san ta inda ake farawa ba. Makarantata ba ta wuce firamare ba, Faransancina na cefane ne. Na je harabar kotu na tsaya a ƙarƙashin mangwaro, nan da nan wani mai kwat da jakar hannu ya lallaɓo ya ce shi ya san kowa a ciki, in na kawo abin shan ruwan manya mijina zai kwana gida ran Juma'a. Saura kaɗan in sayar da 'yan kunnena. Mama ce ta bi ni washegari, tana ganinsa ta ɗaga murya ta kira shi da sunan unguwarsu, ta tambaye shi yaushe ya bar gyaran rediyo ya zama lauya. Kafin in waiga ya ɓace.

Ita ce ta ce akwai wata lauya da ke zama a harabar cocinsu duk ranar Laraba tana sauraron waɗanda ba su da hali, ba ta karɓar komai. Ban taɓa taka harabar coci ba, kuma na san bakin mutanenmu. Na kwana ina juya abin, da safe na ja mayafina na bi ta.

Lauyar, Metir ake ce mata, yadda ake kiran kowane lauya a can. Gajeruwa ce, da tabarau rataye a wuya, tana ɓare gyaɗa tana ci tana saurare, har na ɗauka hankalinta ba ya wurina. Da na gama sai ta maimaita mini labarina tsaf, har da abin da na tsallake. Ta ce ƙofar ɗaukaka ƙara 'yan kwanaki kawai take yi a buɗe bayan hukunci, kuma ta rufe tun dattawanmu suna zaryar kai goro. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ce saura wata 'yar ƙaramar ƙofa, ita ce a roƙi babbar kotu ta sake duba shari'ar, amma ba a buɗe ta sai da sabon abu wanda alƙalin farko bai gani ba. Na ce ai ga Baba, zai faɗa da bakinsa. Ta girgiza kai ta ce za a ce suruki ne ya zo ceton mijin 'yarsa. Ta tambaya ko Baba yana da takardar sayen kayan. Na yi dariyar takaici. Baba shekara talatin yana sari a kantin nan, hannu kawai suke gaisawa a ɗauko masa kaya.

"To, a nemo mini abin da ba baki ba," in ji ta.

Sati biyu ta yi tana neman izinin ganin kayan shaida, sannan ta tafi da ni. Wani ɗaki ne mai duhu a bayan kotu, cike da katifu da injinan ɗinki da tayoyi, duk na wawaso. Dilolinmu suna can lungu. Metir ta nuna mini ɗaya da aka farke bakinta, ta ce wannan ce ta fi yi wa mijina illa, don an tarar babu turame da yawa a cikinta, aka ce ya riga ya fara sayar da kayan satar. Mai gadin ɗakin ya janyo turmi ɗaya ya warware a hasken taga. Shuɗiya ce mai zanen ganyen kuka da ɗigon ruwan ƙwai.

Ban san lokacin da na ce, "Ai wannan ankonmu ne," ba.

Metir ta ce mene ne anko. Na yi mata bayani cewa in za a yi biki, dangi da ƙawaye sukan ɗinka atamfa iri ɗaya su sa a ranar. Ƙanwata ta yi aure sati biyu kafin boren, kuma Baba ne ya fasa sabuwar dila ya fitar mana da ankon, yana alfahari cewa babu wanda ya taɓa sa irinta a Bangi, don magatakardan sito na kantin ya saba ba shi sabon samfuri tun kafin a baje shi. Ni ina ganin zance nake yi kawai. Sai na ga ta daina tauna gyaɗarta, ta sa tabarau, ta tambaya ko an ɗauki hoto. Na ce wane biki ne za a yi a Kilomita Biyar babu hoto?

A ƙasan akwatina na samo shi. Mu goma sha tara ne a jere, duk cikin shuɗiyar atamfar, ni a gefe da cikina a gaba ina harare-harare don takalmi ya matse ni. A bayan hoton ga hatimin mai hoto da kwanan wata. Mijin ƙanwata ma'aikaci ne, saboda haka sun yi rajistar auren a ofishin magajin gari, can ma ga kwanan wata a rubuce. Atamfar da aka rantse ba ta fita daga kanti ba kafin bore, ga ta a jikin mata goma sha tara ana saura sati biyu a fara harbi. Metir ta riƙe hoton da hannu biyu kamar jariri.

Sai dai takardar roƙon ba ta tafiya sai da sa hannun mai ita, kuma a cikinta dole a rubuta sunan mai kayan. Maigidana ya ce sam. Metir ta je da kanta ta yi masa bayani cewa zamanin kame ya wuce, babu mai taɓa Baba, ya saurare ta cikin ladabi har ta gama, ya yi mata godiya, ya ce a bar shi ya ƙarasa abin da ya saura. Ta fito tana ce mini ta yi shekaru tana aikin nan, ba ta taɓa ganin wanda ake roƙo ya fito daga kaso ba.

A nan na karya sharaɗinsa na farko, kuma har yau ban yi nadama ba. Na ari rakoda, na sa kaset, na rufe ɗaki na yi wa Baba magana tun daga farko har ƙarshe. Sau uku ina sakewa don kuka yana cinye mini murya. Na ba wani direba na ce hannu da hannu, in kuma ya sake rufe mana magana, ni da shi har gaban Allah.

Kwana shida bayan haka Baba ya sauka daga gaban motar kaya, ƙafafunsa a kumbure. Ko gida bai shiga ba ya ce a kai shi wurin maigidana. Maigidana yana hango shi ya zube ƙasa a cikin ɗakin tsaron, ya sunkuyar da kai. Baba ya daɗe a tsaye riƙe da ƙarfen ƙofar. Can ya ce, "Ajiyar atamfa na ba ka, ban ba ka ajiyar raina ba. Tashi ka sa hannu." Ya tashi ya sa. Ni da na yi wata biyu ina fama, Metir da duk iliminta, ba mu iya ba, magana biyu ta gama shi. Na ji daɗi, na kuma ji haushi.

Na ɗauka daga nan sai fitowa. Ashe an fara ke nan. Aka sake ɓarkewa da harbe-harbe, wannan karon har a kusa da mu, kotu ta rufe, muka yi kwanaki a ƙarƙashin gado ni da yarinya da Mama. Da aka buɗe, aka ce fayil ɗinmu ya ɓata. Metir ta yi murmushi ta fito da wani daga jakarta, ashe kowace takarda sai da ta yi kwafinta ta ajiye a gida. Ita ce kuma ta bi diddigin magatakardan siton har wani ƙauye a bakin kogi inda ya koma kamun kifi. Bai san an ɗaure kowa ba. Ya ce tabbas shi ya fitar wa Baba dila shida da hannunsa, wakilin kuwa ba ya ma gari a makon, abin da ya faɗa a kotu zato ne ya mai da shi rantsuwa. Duk wannan ya ci mana wajen wata goma. Kullum ina kai abinci, ina barin yarinyar wurin Mama, ina dawowa in ba shi labarin haƙoranta da tafiyarta.

Ranar zaman, Metir ta ce in zo da ankon a jikina. Na gaya wa ƙanwata, ita kuma ta gaya wa duniya. Da safe na fito na tarar da mata goma sha ɗaya a ƙofar gida cikin shuɗiyar atamfar. Wata tata ta koɗe, wata ta yi ƙiba rigar ba ta rufuwa sai da ta yafa gyale, wata ta riga ta yanka zanen ta yi wa 'ya'yanta riguna, sai ta zo da ɗankwalin kawai a ka. Muka cika benci biyu. Alƙalai uku ne, na tsakiyar ya dubi hoton, ya dube mu, ya sa aka warware turmi ɗaya daga dilar aka kara da hannun rigata. Baba ya yi magana da Sango, a tsaye, ya ƙi kujerar da aka ba shi. Magatakardan ya faɗi nasa. Wakilin ya ce shi dai abin da ya sani ya faɗa, mai yiwuwa an yi kuskure. Ban fahimci rabin Faransancin da aka yi ba, fuskar Metir kawai nake karantawa. Aka ce a dawo bayan sati biyu.

A zama na biyun ba a daɗe ba. Alƙalin ya karanta takarda mai tsawo, Metir ta juyo ta ce mini da Sango an soke hukuncin, ba shi da laifi, ba a kuma taɓa samunsa da laifi ba. Na yi zaton zan yi guɗa. Sai kawai na zauna a bencin ina ta hamdala, ina jin wata irin gajiya mai daɗi tana sauka a jikina.

Maganar diyya kuwa, wani sabon dambe ne. Tun kafin zaman Metir ta ce doka ta ba wanda aka ɗaure bisa kuskure damar neman a biya shi. Maigidana ya ce ya bar wa Allah. Na ce Allah ai bai hana ka karɓar hakkinka ba, rumfarka ta ruɓe, masu sayenka sun watse, ƙafarka har yanzu ruwa take yi. Metir ta bi ta wata hanyar, ta ce masa in bai nema ba, gobe za a yi wa wani, a ce ai ba a asarar komai. Wannan ce ta shige shi. Kotu ta amince, ta kuma ba da umarni a mayar da kaya, a liƙa hukuncin a ƙofar kasuwa da ofishin magajin gari. Kayan dila huɗu suka dawo, biyu an ce gara ta cinye, garar da ke cin atamfa har da igiyar ɗauri. Diyyar kuwa, gwamnatin da ba ta biya masu bindiga ba, ina za ta tuna da mai allura? Sai bayan shekaru wani kaso na kuɗin ya fito, bayan Metir ta kusa cinye takalmanta a hawa benen ofisoshi, da shi aka sake rufin rumfa. Ni dai takardar ƙofar kasuwar ta fi mini komai. Sati guda ina bi ta wurin ko ba ni da cefane, in tsaya in ga mutane suna karantawa, har da dattawanmu, waɗanda suka ce dama sun san gaskiya za ta yi halinta.

Ranar da aka sake shi, da la'asar muka iso Miskine a tasi, ni da shi da yayansa. Tsakar gida a cike. Baba yana zaune a kan tabarma da dattawa, Inna da ta iso daga Garwa tana bakin murhu, Mama tana ta kai da kawo kamar bikin ɗanta ake yi. Maigidana ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da tabarmar ya gaida Baba, aka yi addu'a aka shafa.

Yarinyar tana bayan Mama, riƙe da zanenta, tana leƙen baƙon. Ta kusa shekara biyu. A al'adarmu ɗan fari ba a kula shi a gaban manya, ba a ɗaukarsa, ba a kiran sunansa, ballantana a gaban suruki. Ni kaina a gaban Inna sai dai in ce "yarinyar nan". Saboda haka babu wanda ya yi tsammanin komai, ana jira dai a watse ya gan ta a ɗaki.

Ban ga lokacin da ya tashi ba. Sai ganinsa na yi ya ratsa tsakar gidan yana ɗingishi, ya durƙusa a gabanta, ya kira sunanta, cikakke, da ƙarfi, har sau biyu. Ta noƙe, ta dubi Mama, Mama ta tura ta gaba da gwiwa. Ya ɗauke ta ya miƙe, ya kifa fuskarsa a wuyanta, kafaɗunsa suna girgiza. Wani dattijo ya yi gyaran murya, ya buɗe baki zai yi magana.

Baba ya ɗaga masa hannu, ya ce, "Ku ƙyale shi." Sannan ya juya fuskarsa wajen bango, ya daɗe yana gyara zaman hularsa.